Yaƙi da jadawalin wasannin jami'o'in Amurka: wa ke yanke hukunci, wa ke ɗaukar nauyi

Da daren Litinin 17 ga Maris, 2003, Shugaba George W. Bush ya fito a talabijin ya ba Saddam Husaini da 'ya'yansa maza wa'adin awa 48 su fice daga Iraƙi. Kwana ɗaya kafin nan, wato ranar Lahadi, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta fitar da sunayen ƙungiyoyi 65 da za su kara a gasar ƙwallon kwando ta maza, tare da garin da kowace za ta je. Duk wanda ya zauna ya yi lissafi a daren nan ya ga inda aka dosa, domin wa'adin zai cika da daren Laraba, zagayen farko na gasar kuma zai fara da tsakar ranar Alhamis. Haka kuwa aka yi: bama-bamai suka fara sauka a Bagadaza da asubahin 20 ga Maris, kafin rana ta faɗi a Amurka kuma ɗalibai suna jefa ƙwallo a raga a garuruwa huɗu.

Tsakanin Litinin da Talata an yi ta jan numfashi. Myles Brand, wanda bai cika wata uku ba a kan kujerar shugabancin NCAA, ya fara da cewa ana duba yiwuwar ɗage wasannin, sannan ranar Talata ya sanar cewa bayan tuntuɓar Tom Ridge, sakataren sabuwar ma'aikatar tsaron cikin gida, za a yi komai a ranar da aka tsara, yana mai nuna cewa ba za a bar wani azzalumi ya tsara wa Amurkawa yadda za su tafiyar da rayuwarsu ba. A ranar da Bush ya yi jawabinsa ne gwamnati ta ɗaga matakin gargaɗin ta'addanci zuwa ruwan lemo, mataki na biyu daga sama. A wannan makon ne kuma hukumar ƙwallon gora ta ƙwararru ta soke wasannin buɗe kakar shekara da aka shirya yi a Tokyo tsakanin Seattle Mariners da Oakland Athletics. Ƙwararrun da ake biya miliyoyi sun fasa tafiya, ɗaliban da ba a biyansu albashi kuwa sun hau jirgi.

Kafin a ga laifin wani ya kamata a san yadda gasar take, domin a cikin tsarinta ne amsar ta ɓuya. Gasa ce ta sili-ɗaya-ƙwale, wanda aka doke ya tattara kayansa ya koma makaranta, ana kuma gama ta cikin mako uku. A 2003 zagaye biyu na farko sun gudana a Spokane, Salt Lake City, Oklahoma City, Indianapolis, Boston, Tampa, Nashville da Birmingham, daga nan aka wuce Albany, San Antonio, Minneapolis da Anaheim, aka ƙarƙare a katafaren zauren Superdome na New Orleans. Kowane ɗaya daga waɗannan zaure an kama shi ne shekaru kafin ranar, kuma yawancinsu suna da wasu masu haya da ke jiran a tashi: ƙungiyoyin ƙwararru, mawaƙa, masu baje koli. Ɗakunan otal ma haka suke. Ƙungiya kan san garin da za ta je ne da yammacin Lahadi, ta iso ranar Talata ko Laraba da 'yan wasa da masu horarwa da makaɗa da 'yan rakiya, a jirgin da aka yi shata cikin gaggawa. Ɗage rana ɗaya a irin wannan tsari kamar zare zare ɗaya ne daga tsakiyar saƙa, sauran duk sai sun biyo.

Akwai wani ɗan misali daga wannan shekarar da ke nuna tsaurin jadawalin. Jami'ar Brigham Young ta mabiya ɗariƙar Mormon ba ta wasa ranar Lahadi, amma kwamitin zaɓe ya yi kuskure ya sa ta a rukunin da wasansa na ƙarshe zai faɗo ranar Lahadi. Sai da aka tanadi dabarar musanya mata rukuni idan ta yi nisa, abin da bai zama dole ba saboda Connecticut ta fitar da ita a zagayen farko. Idan ƙungiya ɗaya da rana ɗaya sun jawo wannan ka-ce-na-ce, ana iya kwatanta abin da ɗage gasar baki ɗaya zai haifar.

Sai kuɗi. A 1999 tashar CBS ta sa hannu a kan yarjejeniyar dala biliyan 6 ta shekara 11 don nuna gasar, kuma 2003 ce shekarar farko da yarjejeniyar ta fara aiki. Daga wannan gasa guda NCAA take samun mafi yawan abin da take rabawa jami'o'i, da shi ake ɗaukar nauyin gasannin ninƙaya da guje-guje da kokawa da sauran wasannin da ba sa kawo ko kwabo. Da yaƙi ya ɓarke, CBS ta koma labaran fagen daga, aka mayar da wasu daga wasannin farko tashar ESPN. Wannan shi ne babban sauyin da aka gani a fili: lokacin talabijin ya motsa, lokacin wasa bai motsa ba. Ranar 7 ga Afrilu Syracuse ta doke Kansas da ci 81 da 78 ta ɗauki kofi, kwana biyu kafin a tumɓuke gunkin Saddam a dandalin Firdausi.

A ganina hukuncin da aka yanke a 2003 daidai ne, amma dalilin da aka ɗaga wa jama'a bai kai nauyin dalilin da ya yi aiki ba. Yaƙin yana can nesa, ba a rufe sararin samaniyar Amurka ba, ba a kuma bayyana wata takamaimiyar barazana ga zaurukan wasa ba. Wannan ya isa hujja. Da aka lulluɓe shi da zancen kishin ƙasa da ƙin miƙa wuya ga azzalumi, sai aka rufe ƙofar tambaya, domin uban da ke jin tsoron ɗansa ya hau jirgi a wannan makon ya zama kamar mai raunin zuciya, alhali tambayarsa halastacciya ce. Kalmar tsaro a irin wannan lokaci takan ɗauki kaya da yawa waɗanda ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai haɗarin kai hari kan taron jama'a, akwai ƙarancin abin hawa da mai idan soja ya rigaya kowa, akwai kuma batun ko ya dace a yi shewa a filin wasa alhali ana zubar da jini. Tarihin Amurka ya nuna kowane ɗaya yana taɓa jadawali ta hanyarsa dabam, kuma Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fi fito da bambancin ƙarara.

Ranar 6 ga Disamba, 1941, ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ta fi kama da zari-ruga, ta Jami'ar Willamette daga jihar Oregon ta buga wasa da Jami'ar Hawai a Honolulu. 'Yan wasan San Jose State ma suna garin suna jiran nasu wasannin. Washegari da safe jiragen Japan suka afka wa sansanin Pearl Harbor. Sauran wasannin suka bi ruwa, aka miƙa wa samarin da suka zo da takalman wasa bindigogi aka sa su gadi da sintiri, kuma sai ranar Kirsimeti yawancinsu suka sauka a San Francisco daga jirgin ruwa mai suna President Coolidge, wanda ya ɗauko sojojin da suka ji rauni. A nan ba wani kwamiti da ya zauna ya auna komai, yaƙi ne ya riske su a masauki.

Babban wasan ƙwallon ƙafar jami'o'i na Rose Bowl da aka saba yi ranar 1 ga Janairu a Pasadena ta jihar Kalifoniya shi ne ya fara fuskantar tambayar haɗarin taro. Janar John DeWitt, kwamandan tsaron gaɓar yamma, ya nemi a dakatar da manyan taruka saboda fargabar harin jiragen Japan, kuma filin da ke cike da dubun-dubatar mutane a kusa da teku abin hari ne da ba ya ɓuya. Jami'ar Duke, wadda ita ce baƙuwar da aka gayyata, ta ce a zo gidanta a Durham ta jihar North Carolina, a ɗaya gefen ƙasar. Aka aro kujerun katako daga jami'o'in maƙwabta aka faɗaɗa filin har ya ɗauki kimanin mutum 56,000, 'yan Oregon State, abokan karawar Duke, suka ratsa nahiyar a jirgin ƙasa, suka kuma ci wasan 20 da 16 cikin ruwan sama. Maganin haɗarin taro ke nan a mafi sauƙin siffarsa, a ɗauke wasan daga inda ake tsoro a kai shi inda ba a tsoro. Masu bin ƙwallo a arewacin Nijeriya sun san irin wannan, tun da sun ga El-Kanemi Warriors ta Maiduguri tana buga wasanninta na gida a wasu garuruwa a shekarun da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, sun kuma san cewa gidan aro ba ya zama gida.

Ƙarancin abin hawa kuwa ya fi haɗarin hari daɗewa, ya kuma fi shi cin jadawali, duk da cewa ba shi ake tunawa ba. Da Japan ta mamaye yankunan da ake samun roba a kudu maso gabashin Asiya, taya ta zama abin lallaɓawa a Amurka. Gwamnati ta ƙayyade gudun mota a mil 35 cikin awa, ta fara rabon fetur da kati a duk ƙasar a Disamba 1942, Ofishin Sufurin Tsaro ƙarƙashin Joseph Eastman kuma ya ba sojoji da kayan yaƙi fifiko a jiragen ƙasa. Wasan ƙwallon ƙafa na shekara-shekara tsakanin makarantar hafsoshin ƙasa ta West Point da ta hafsoshin ruwa ta Annapolis, wanda kan tara kusan mutum 100,000 a Philadelphia, an mayar da shi ƙaramin filin Annapolis a 1942, aka ce ba mai samun tikiti sai wanda ke zaune cikin mil 10 daga garin. Ɗaliban West Point ba su samu zuwa ba, don haka aka umarci wani ɓangare na ɗaliban sojan ruwa su zauna a gefen baƙi su yi wa abokan hamayyarsu kirari. A 1943 aka juya, aka yi a West Point bisa irin wannan sharaɗi. A 1944 da aka kai wasan Baltimore, sayen takardar lamunin yaƙi ya zama sharaɗin samun tikiti, aka tara fiye da dala miliyan 58. A duk waɗannan shekaru ba tsoron bam ne ya motsa wasan ba, lissafin taya da fetur da kujerar jirgin ƙasa ne.

A kan wannan sai aka ƙara ƙarancin 'yan wasan kansu, tun da samarin da za su buga su ne aka ɗiba aikin soja. A 1943 manyan jami'o'i irin su Alabama, Tennessee, Auburn da Stanford ba su fitar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ba sam. Waɗanda suka ci gaba galibi masu shirin horar da sojan ruwa ne a harabarsu, suka cike gurbin jadawali da ƙungiyoyin sansanonin soja na kusa. Gasar ƙwallon kwando ta NCAA, wadda aka fara a 1939, ba ta tsaya ko shekara ɗaya ba a tsawon yaƙin, amma a lokacin ƙungiyoyi takwas kacal take ɗauka, abin da ake iya sarrafawa da 'yan tikitin jirgin ƙasa.

Batun dacewa ya fi fitowa ne bayan hare-haren 11 ga Satumba, 2001. An rufe sararin samaniya, saboda haka tafiya ta gagara a kwanakin farko, amma wasu rukunonin jami'o'i, ciki har da na kudu maso gabas, sun fara da cewa za su buga wasannin ranar Asabar 15 ga wata. Da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru, NFL, ta ɗage nata ranar Alhamis, sai kowa ya bi, aka wayi gari ba wasa ko ɗaya a babban rukunin jami'o'i a wannan ƙarshen mako. Ɗagewar ta yi tasirin da ya wuce makoki. Wasan Florida da Tennessee da aka saba yi a Satumba ya koma 1 ga Disamba, lokacin da ya zama shi ne zai raba gardamar kakar, Tennessee ta ci 34 da 32 ta tare wa Florida hanyar zuwa wasan lashe kofin ƙasa, wasan ƙarshe na rukunin kuma ya matsa zuwa 8 ga Disamba. An iya yin haka ne saboda ƙwallon ƙafa sau ɗaya ake buga ta a mako, a filayen da jami'o'in suka mallaka, kuma akwai ɗan sarari a ƙarshen kaka. Gasar watan Maris ba ta da ko ɗaya daga waɗannan, shi ya sa abin da ya yiwu a 2001 ya yi wuya a 2003.

Abin da 2001 ta bari ya zauna daram. An hana jiragen sama shawagi ƙasa da ƙafa 3,000 a kewayen duk filin da ke ɗaukar mutum 30,000 ko fiye a lokacin manyan wasanni, ciki har da ƙwallon ƙafa ta babban rukunin jami'o'i, tun daga awa ɗaya kafin wasa har awa ɗaya bayansa. Binciken jaka da na'urar gano ƙarfe a ƙofa sun zama ruwan dare, mai kallo kuma ya koyi fitowa da wuri. Gasar ƙwallon kwando ta 2002, ta farko bayan hare-haren, ita ce ta fara aiki da tsarin da ke ajiye ƙungiyoyin da suka fi ƙarfi kusa da gida a zagayen farko don rage tafiya. Tsarin ya rage hawa jirgi, amma ya zo da nasa ƙorafin, domin kusanci da gida fifiko ne. Syracuse ta jihar New York ta buga wasanninta huɗu na farko a 2003 a Boston da Albany, tafiyar 'yan awoyi a mota, gaban magoya bayanta, yayin da yawancin abokan karawarta suka zo daga nesa. Duk matakin da aka ɗauka don rage tafiya yana sauya ma'aunin adalci a cikin fili, kuma ƙananan makarantu ne yawanci ake turawa nesa.

Akwai wata hanya da yaƙin nesa ke iya shiga harkar tafiya ba tare da an ji ƙararsa ba. Amurka tana da yarjejeniya da kamfanonin jiragen sama na farar hula wadda ta ba ma'aikatar tsaro damar karɓar jiragensu don jigilar sojoji idan buƙata ta taso. An yi amfani da ita a yaƙin Tekun Fasha na 1990 zuwa 1991, aka sake tayar da ita a Fabrairu 2003, makonni kaɗan kafin gasar. Jiragen da ake yi wa shata ba su da yawa a kowane lokaci, kuma gasar da ke neman jirage masu yawa cikin kwana biyu tana shiga kasuwa ɗaya ne da mai sayen da ba a yi masa gardama. Wannan shi ne taya da fetur na zamaninmu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda tsarin ya ƙara dogara da jirgin sama maimakon ya rage. A 2011 gasar ta koma ƙungiyoyi 68. A 2024 jami'o'in USC, UCLA, Oregon da Washington na gaɓar yamma suka shiga rukunin Big Ten mai tushe a tsakiyar ƙasar, Stanford da California kuma suka shiga rukunin gaɓar Atlantika, duk saboda kuɗin talabijin. Ɗalibar da ke buga ƙwallon raga a Los Angeles yanzu takan ratsa ƙasar baki ɗaya don wasan mako-mako, tafiyar da a 1942 sai da yaƙi ya tilasta aka yi ta sau ɗaya. A wancan zamanin, da aka ce a taƙaita tafiya, jami'a tana da maƙwabta a rukuninta da za ta kara da su. Yau idan aka rufe sararin samaniya na mako biyu, ko soja ya kwashe jiragen shata, babu motar safa da za ta ɗinke wannan tazara. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kwana biyun da Brand ya yi yana neman zaure da otal a Maris 2003 sun nuna yadda fafe gora ranar tafiya yake.

Cewa ba za a iya sauya tsarin ba kuwa, annoba ta ƙaryata shi. Ranar 12 ga Maris, 2020, aka soke gasar saboda korona, karo na farko tun kafa ta, abin da Yaƙin Duniya na Biyu da Koriya da Biyetnam da Iraƙi duk ba su yi ba, kuma kuɗin da NCAA ta raba wa jami'o'i ya faɗo daga kimanin dala miliyan 600 da aka yi hasashe zuwa miliyan 225. Da aka ɗanɗana wannan asara, a 2021 aka tattara gasar maza gaba ɗayanta a jihar Indiana, ta mata kuma a yankin San Antonio, ba tashi daga gari zuwa gari. Ashe ana iyawa. Abin da ya kamata shi ne irin wannan shiri ya kasance a rubuce tun ana zaman lafiya, a fayyace a cikinsa wane irin haɗari ne zai sa a ɗage, wane ne zai sa a sauya gari, wa ke da ta cewa, da kuma haƙƙin ɗalibin da ya ce ba zai yi tafiya ba ba tare da ya rasa tallafin karatunsa ba. A duk waɗannan shekaru da aka zayyana, janar ya yi magana, shugaban ƙasa ya yi, tashar talabijin ta yi, shugabannin jami'o'i sun yi, amma wanda zai hau jirgin shi ne ake sanar wa daga ƙarshe.

Wani lokaci kuma matakin tsaron kan ɗalibin yake sauka kai tsaye. A cikin tawagar Oregon State ta 1941 akwai Jack Yoshihara, ɗan asalin Japan da ya tashi a Portland, wanda ya yi atisaye da abokansa duk kakar har suka samu gurbin Rose Bowl, karo na farko a tarihin makarantar. Bayan harin Pearl Harbor aka hana masu asalin Japan yin nisa da gidajensu, don haka jirgin ƙasan da ya nufi Durham ya tashi ba shi, ya saurari wasan a rediyo. Ranar 19 ga Fabrairu, 1942, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a kan umarnin da ya kai ga tsare kimanin mutum 120,000 masu asalin Japan, bisa shawarar da Janar DeWitt ɗin nan da ya nemi a ɗauke wasan daga Pasadena ya tsaya kai da fata a kanta. Yoshihara ya bar karatu, aka kai shi sansanin Minidoka a jihar Idaho. Sai a 2008 Jami'ar Oregon State ta kira shi tare da sauran ɗaliban da aka raba da karatunsu ta ba su digirin girmamawa, shekara 66 bayan wasan da aka buga ba shi.